Durom na Goma Sha Biyu

Ranar Asabar ce, Mahfuza ba ta da aiki, don haka ta tashi da niyyar wanki da kiran gida. Wankin ta gama shi kafin azahar, ta shanya a 'yar barandar ɗakinta na Al Qusais, inda zafin Dubai kan busar da zani kafin mutum ya gama matse na biyu. Sai ta zauna a bakin gado ta kira mahaifiyarta, irin kiran da ake ganin juna, domin a Kano lokacin hantsi ne, an gama karin kumallo.

Inna Hadijatu ba ta iya riƙe waya ba, kuma ba ta da niyyar koya. Shekara huɗu ke nan 'yarta na ƙasar Larabawa, shekara huɗun nan kuwa goshin Inna da rufin ɗaki kaɗai ake gani. Aka gaisa, aka tambayi Wasila, ƙanwar Mahfuza da ta haihu sati uku da suka wuce, aka tambayi jaririya. Sai Inna ta ce, da murya irin ta wanda ya daɗe yana ɓoye albishir, "Tsaya ki ga abin arzikin da yayanki ya yi mana."

Inna ba ta faɗin sunan Dikko, ɗanta na fari ne, shi ma a Dubai yake sana'ar tura kaya gida. Ta miƙe, hoton ya yi ta lilo, aka ga ƙasa, aka ga igiyar shanya, aka ga wutsiyar akuya. Daga nan hoton ya tsaya a kan wasu durom-durom na roba guda uku, shuɗaye, manya, an jera su a inuwar bango an rufe da faifai.

"Kin gani? Kwana goma ke nan rabonmu da jiran mai ruwa. Ranar da famfo ya kawo sai mu cika su, mu yi sati muna sha."

Mahfuza ta buɗe baki za ta ce madalla. Sai idonta ya sauka a kafaɗar na tsakiyar, inda aka yi rubutu da baƙin alƙalami mai kauri: M-417. Bakwai ɗin da sanda a tsakiyarta, huɗun kuma a buɗe ta sama kamar kujera. Tun tana firamare malamai ke yi mata faɗa a kan wannan huɗun, ba ta daina ba. Rubutun hannunta ne.



A nan sai an faɗi aikin Mahfuza, in ba haka ba ba za a san abin da ta gani ba. A wata masana'anta take aiki a Al Quoz, cikin layin rumbunan ajiya da garejojin gyara, kuma abin da suke yi abu ne da mutanen gida ke dariya in ta ba su labari. Idan an matse manja, an fasa ƙwallon an cire abin da ake man alayyadi da shi, ɓawon nan mai tauri da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injina, shi ne jarinsu. A can ƙasashen da ake noman kwakwar manja ake gasa shi cikin tukunyar ƙarfe da iska ba ta shiga, sai ya ba da gawayi da wani baƙin ruwa mai kauri, mai ƙaurin hayaƙi. Baƙin ruwan ne ake kawo musu ta jirgin ruwa. Su kuma su dafa shi, su kama tururin, su sake dafawa, su sake tacewa, har sai ya koma farin abu mai ƙyalli da ake kira finol, wanda masu haɗa gam na katako ke saya. Mahfuza ce mai kula da tatar. Tana son aikin ƙwarai, har takan ce ita kam bola take mayarwa dukiya.

Amma finol guba ne. Yana ƙona fata, yana shiga jiki ta fatar ma, yana taɓa hanta da ƙoda. Ruwan tata ta biyu, wanda ake zubawa a shuɗayen durom kafin tata ta ƙarshe, shi ya fi yaudara, domin launinsa bai wuce na shayi marar kauri ba, in an juye shi sai a ga durom fes. Robar ce ta riga ta sha. Ko an wanke sau ɗari, duk ruwan da ya kwana a ciki sai ta mayar masa da abin da ta sha, kaɗan-kaɗan.

"Inna," in ji Mahfuza, tana jin muryarta kamar ta wata, "ruwan nan kuke sha?"

"To me za mu yi da shi, ado?"

"Ba ku ji yana wani wari ba?"

"Wari kuma? Ƙamshin asibiti dai yake yi. Ai shi ya sa hankalina ya kwanta. Na ce wa maƙwabta, kayan ƙasar waje ko ruwa ka zuba sai sun kashe masa ƙwayar cuta. Ɗan ɗaci-ɗacin da yake yi a harshe ma na maganin ne."

Mahfuza ta runtse ido. Wannan ƙamshin da Inna ke yabo, shi ne wanda in an ji shi a wurin aiki ake kunna fanka a fitar da kowa waje.

"Inna, don Allah ki saurare ni. Kada kowa ya ƙara shan ruwan nan, kada a yi girki da shi, kada a yi alwala. Guba ce a jikin robar. Kina jin wani abu a jikinki?"

Aka koma ganin goshin Inna. Can ta ce cikinta dai yana ɗan murɗawa kwana biyu, kuma bakinta ya yi ƙuraje, amma ta ɗauka ciwon shawara ne, har ta jiƙa saiwa.

"Da wane ruwa kika jiƙa?"

Mahfuza ta riga ta gane da na durom ɗin ne, ba ta sake tambaya ba. Abin da ta tambaya shi ne guda nawa aka kawo, ko da yake ta san amsar tun kafin a faɗa.

"Goma sha biyu. Uku na ajiye. Sauran ai kin san ba a cin tsaraba mutum ɗaya."

Ta sa Inna ta yi mata alkawarin ba za a taɓa ruwan ba, ta kashe, ta kira Dikko. Sau huɗu tana kira yana katsewa, don ranar Asabar ranar lodi ce, ko sarkin garinsu ne ya kira sai ya jira. Ta yafa mayafi ta sauka ta tare tasi, ta ce Port Saeed, unguwar da ofishinsa yake.

A cikin motar ta kira Wasila. Wasila ta ɗauka tana dariya, ta ce ai ita aka fi gatantawa, biyu aka ba ta saboda wankan jego. A ciki ake tara ruwan da ake dafa mata safe da yamma, da shi ake dama mata kunun kanwa. Ta ce fatarta ce dai ta yi ja tana saɓulewa a kafaɗa, amma tsofaffi sun ce haka wankan yake in ya karɓi mutum.

"Jaririyar fa?"

"Ita ma da shi ake mata, ana sirkawa."

Direban, wani dattijo ɗan Pakistan, ya dubi Mahfuza ta madubi, domin ya ji numfashinta ya canza. Ta ce wa Wasila ta ba mijinta Mubashir wayar. Ta yi masa magana a hankali, kalma-kalma: ya ɗauki matarsa da 'yarsa da Inna ya kai su asibiti yanzu, ya nuna wa likita sunan abin da za ta rubuto masa, kada ya tsaya neman wanda zai ba shi shawara. Mubashir malamin makaranta ne, bai ja zance ba.

Da ta ajiye wayar sai abin da take gudu tun ɗazu ya cim mata. Ta san yadda aka yi durom ɗin nan suka fita daga masana'anta da gindinsu lafiya.

Dokar wurin ɗaya ce, kuma ko sabon lebura ya san ta. Duk durom ɗin da ya ɗauki ruwan finol, in an juye shi, sai a kifa shi a yi masa huda uku a gindi da injin huda, sannan masu ƙona sharar masana'antu su zo su kwashe. Hudar ita ce shaida. Mai huda guba ne, marar huda sabo ne ko na ruwa mai tsabta. Wajen wata uku da suka wuce aka kifa wa Mahfuza guda goma sha biyu, kusan sababbi, sau ɗaya aka yi aiki da su. Ta ɗauki injin, ta ɗora bakinsa a gindin na farko, sai hannunta ya ƙi. Abin da ta tuno shi ne tsohon durom ɗinsu na gida a Kurna, wanda Inna kan narka robar tsohon silifas ta liƙe masa ɓula, shekara da shekaru, da yadda ita da Wasila kan bi layin rijiyar burtsatse kafin su tafi makaranta. Ta ce a ranta, yanzu wannan lafiyayyen abu zan ɓata? Ta ajiye injin. Ta yi niyyar rubuta wa manaja a riƙa sake zuba ruwan finol ɗin a cikinsu, ta sa aka tura su lungun baya. A satin aiki ya yi yawa, takardar ba ta rubutu ba. Da ta ga lungun wayam wata rana, sai ta ce ai masu shara ne suka kwashe, ta ji daɗi an ɗauke mata nauyi, ba ta tambayi kowa ba.

Ofishin Dikko ɗaki ne guda a hawa na biyu, ba nisa da inda jiragen katako ke lodi a bakin ruwa. Ta same shi a tsakiyar kwalaye, waya a kunne, wata a hannu, yana yi wa wani faɗa a kan kwantenar da ba ta tashi ba. Dikko mutum ne mai ƙiba da fara'a, shekara goma sha biyar yana tura kayan 'yan kasuwar Kano, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne ya ga wuri a kwantena babu kaya.

"A'a, injiniya da kanta. Shwaiya, ɗan jira, ina zuwa." Ya gama faɗansa, ya ajiye wayoyin. "Lafiya na gan ki haka?"

"Yaya Dikko, durom ɗin da ka aika wa Inna, a ina ka samo su?"

Ya washe baki. "Kash, ta tona ni. Na so sai kin je hutu ki gani da idonki. Ranar da na kawo miki kilishin nan wurin aiki, kina ciki, na hango su a baya. Na tambayi mai sito ɗinku, Zainul Abideen, ya duba gindinsu ɗaya bayan ɗaya ya ce babu huda, masu kyau ne, tunda ni yayan Madam ne in ɗauka. Khalas, shi ke nan. Na cika su da atamfofi da takalman mutane, suka tafi a kargo, kin ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya."

"Takardar da ke jikinsu fa? Mai hoton ƙwarangwal?"

"Na kankare. Wa zai bar wannan, 'yan kwastan su riƙe masa kaya wata guda a Legas? Ai na sa an wanke su da omo, ƙanwata, har sau biyu. Rubutunki ne kawai ya ƙi fita."

Ta gaya masa abin da ke jikin robar, da cikin Inna, da fatar Wasila, da jaririyar da ake sirka wa ruwa. Ba ta ɗaga murya ba. Dikko ya yi ta kallonta, fara'ar na zagwanyewa daga fuskarsa, har ya nemi kwali ya zauna a kai, kwalin ya lotsa bai kula ba. Wayarsa ta yi ƙara ya kife ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Ni na kai wa uwata guba har gida. Har ina jin daɗi."

Mahfuza ta so ta bar shi a haka. Gaskiya ta so. Da ta yi shiru, da laifin ya zauna daram a kan mai kankare takarda da mai sito, kowa kuma zai yarda. Ta dai ce masa ba lokacin wannan ba ne, a fara nemo guda taran da suka fita.

Suka jingina wayar a jikin wani kwalin turare, suka yi ta kira. Mubashir ya kira daga asibiti wajen la'asar ɗin Dubai: an ɗibi jinin su ukun, an riƙe Wasila da jaririya za a sa ido a kansu, likita ya ce da alama an zo da wuri. Inna kuwa an ba ta magani an ce ta dawo jibi, ta kuma ƙi zama ko na minti ɗaya, ta ce ita ta raba kayan nan, ita za ta karɓo su.

Haka aka yi. Mubashir ya samo mai kura, Inna na gaba da carbinta, suna bi gida-gida, wayar na aljihun rigarsa, su Mahfuza na jin komai ba sa ganin komai. Suka ji an je masallacin layin, inda biyu ke bakin ƙofa mutane na ɗiban ruwan alwala, suna kurkure baki da shi sau biyar a rana. Suka ji ladan na tambaya ko ba za a bari a gama azahar ba tukuna. Suka ji an je gidan Ummulkhair mai koko, wadda ta jiƙa geron kwana uku a nata, ta sayar wa rabin unguwa, kuma da aka gaya mata sai ta zauna a ƙasa ta ce ita yanzu me za ta ce wa mutane. Duk gidan da aka shiga sai Mahfuza ta ƙara lissafi, domin kowanne da yawan bakin da ya sha. Ɗaya yana makarantar Islamiyya ta matan aure. Biyu suna gidajen maƙwabta, ɗayan ma an ƙi bayarwa sai da Inna ta rantse ba wani za ta ba ba.

Dikko ya kasa zama. Ya tashi ya rufe ƙofar ofis, abin da bai taɓa yi ba ranar lodi.

Da aka tara su a tsakar gidan Inna, Mubashir ya fito da wayar ya saita ta. Ga su nan a jere, shuɗaye, masu kyau, kowanne da lambarsa a kafaɗa. Maƙwabta sun cika zaure suna leƙe.

"Yanzu a tuntsurar da ruwan a kwata," in ji Mahfuza, "kada ya taɓa ƙafar kowa. Sannan a kifa su a fasa gindin kowanne. A sa gatari ko a ƙona ƙarfe a huda, huda babba, yadda ba mai iya liƙewa. A ajiye su a ɗaki a kulle, zan nemo masu kwashewa."

Inna ta matso har fuskarta ta cika wayar, karo na farko a shekara huɗu da aka ga idanunta sosai.

"A fasa? Ke Mahfuza, ki ji tsoron Allah. An ce kada a sha, mun ji. Ba sai a zuba gawayi a ciki ba, ko dusar awaki, ko a riƙa wanki? Yanzu wannan lafiyayyen abu za a ɓata?"

Mahfuza ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Kalmomin nan nata ne, ko harafi ɗaya ba a canza ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yau ta ga inda ta gado hannun da ya ƙi huda.

"Inna," ta ce, "abin da na faɗa ke nan ranar da aka ba ni su in huda. Aikina ne. Na ɗora injin na ɗauke, na ce sun yi kyau da yawa. Da na huda su, da mai sito bai bayar ba, da Yaya bai ɗauka ba, da Wasila tana gida yanzu. In kin bar su yau da dusa, wata rana ba kya nan wani zai ga durom mai kyau ya zuba ruwa."

Dikko ya juyo ya dube ta, bakinsa a buɗe. Bai san wannan ba sai yanzu. 

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ta shiga madafa, ta fito da gatarin faskare. Mubashir ya miƙa hannu, ta ƙi ba shi. Ta sa aka kifa na farko, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗaga ta sauke. Robar ta yi wata ƙara marar daɗi ta tsage. Mace mai shekara sittin da biyar, da ciwon ciki, sai da ta fasa uku da hannunta kafin ta yarda ta miƙa gatarin, tana haki, tana share ido da gefen mayafi. Ba don guba take kuka ba, don asarar durom ɗin ne, kowa ya sani.

Mahfuza na bin lambobin da ido yayin da ake kifa su, tana faɗa a ranta, domin jere suke daga 411 zuwa 422, ita ta rubuta su rana ɗaya. Da Mubashir ya sauke gatari a kan na ƙarshe ya miƙe yana riƙe da ƙugu, sai ta ce masa ya bi su da wayar a hankali, daga farko. Ya bi. Ta ce ya sake.

"Goma sha ɗaya ne," ta ce. "Babu 420."

"Sha biyu na loda," in ji Dikko. "Da hannuna."

Aka dubi Inna. Ta tsaya tana lissafi da yatsu, leɓunanta na motsi: nata, na mai jego, na masallaci, na Ummulkhair. Sai hannun ya tsaya. Mahfuza ta ga lokacin da abin ya faɗo mata, domin fuskar tsohuwar ta saki gaba ɗaya, ta nemi turmi ta zauna.

"Ranar da aka kawo su ne," in ji Inna. "Ana sauke su a ƙofar gida, sai ga wata mata da mijinta a kan babur, sun tsaya ta roƙi ruwan sha. Daga asibiti suke, za su koma ƙauye. Tana sha tana kallon durom ɗin nan, ba ta ce komai ba, kallo kawai. Na tambaye ta, ta ce 'ya'yanta bakwai, kuma tafiyar awa guda suke yi kafin su sami ruwa, ba su da abin tarawa sai tulu biyu. To ni da aka ba goma sha biyu a rana ɗaya, in bar ta ta tafi haka? Na ce a ɗaura mata ɗaya a bayan babur, sadaka."

"Wane ƙauye, Inna?"

"Ta faɗa. Ta wajen Ɗambatta ne, ko Kazaure. Ban riƙe ba."

"Sunanta fa? Ko na mijin?"

"Wa ke tambayar sunan wanda zai ba sadaka?"

Gaskiya ta faɗa. Mahfuza ta dafe kwalin da ke gabanta da hannu biyu. A can wani wuri arewa da Kano akwai gidan da aka yi murna kwana goma da suka wuce, yara bakwai sun kewaye shuɗin durom, an cika shi, an rufe da faifai, ana jin ƙamshin asibiti ana cewa tsafta ce.

Dikko ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ce za a ba da cigiya a gidajen rediyo, duka, safe da yamma, har sai an dace. Ya ce zai sa a gaya wa limaman Juma'a na yankin, da masu unguwanni, da 'yan acaɓa na tashar. Yana magana yana neman alƙalami a cikin tarkacen teburinsa.

"Shuɗin durom ai ya cika duniya, Yaya," in ji Mahfuza. "Me za a ce a cigiyar? Sai dai a faɗi lambar. Su kuma wa ya sani ko sun lura da wani rubutu."

"Ta lura," in ji Inna.

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da Mubashir ya matsar da wayar kusa da ita.

"Ni na nuna mata. Na ɗora yatsana a kai na ce, kin ga wannan, rubutun 'yata ne, injiniya ce a Dubai, sunanta Mahfuza. Na ce ba na son godiya, abu ɗaya nake so: duk sanda ta ɗebi ruwa za ta ba yaranta, ta sa miki albarka. Ta ce in Allah ya yarda ba za ta taɓa mantawa ba."